Yadda nake tara tsofaffin gem da ƙaramin aljihu

Ina tara tsofaffin na'urorin gem da kaset-kaset ɗinsu, irin waɗanda kamfanoninsu suka daina ƙerawa shekara da shekaru, kuma da ɗan abin da ya rage bayan an sallami buƙatun gida nake yi. Duk wanda ya ji haka sai ya ce ai wannan harkar masu hannu da shuni ce. Ban ga laifinsa ba. A watan Yulin 2021 an yi gwanjon kaset ɗaya tak na Super Mario 64, wanda ba a taɓa fasa ledarsa ba, a kan dala miliyan 1.56 a Amurka, labarin kuma ya zaga duniya. Tun daga lokacin duk mai tsohon kaset a ƙarƙashin gado ya fara ganin kamar gwal ya ajiye.

Sai dai waccan kasuwa daban, tawa daban. Kaset hawa uku ne a wurin masu tarawa: akwai wanda ke cikin ledarsa tun daga kamfani, akwai wanda aka buɗe amma yana tare da kwalinsa da ɗan littafin bayaninsa, sannan akwai kaset tsurarsa, babu kwali babu takarda. Gem ɗin da ke ciki ɗaya ne a duka ukun. Ni na ukun nake saye, don bugawa nake yi, kuma kwali ba ya shiga cikin na'ura. Nintendo ma a kwalin takarda yake zuba kaset ɗinsa, yara suka yayyage suka zubar, shi ya sa wanda ya tsira da kwalinsa yake tsada. Sega kuwa yawancin kaset ɗin Mega Drive a akwatin roba ya fitar da su, don haka mai sha'awar ganin kaya jere da murfinsu a kan kanta, can ya fi masa sauƙi.

Abin da ya fi rage mini kashe kuɗi shi ne tsayawa a kan na'ura ɗaya. Kowace sabuwar na'ura ka shigo da ita gida, ba ita kaɗai take zuwa ba: tana da nata adafta, nata wayar talabijin, nata hannun bugawa, kuma sau da yawa na wata ba ya yi wa wata aiki. Kafin ka buga gem ko ɗaya, kuɗin kaset biyar ya tafi a wayoyi. Na zaɓi Super Nintendo, wadda ta fito a Japan a 1990 da sunan Super Famicom, ta isa Amurka a 1991, Turai kuma a 1992. Na daɗe a kanta ita kaɗai kafin na ƙara da Game Boy Advance ta 2001, ita ma don tana cin kaset ɗin Game Boy na 1989 da na Game Boy Color na 1998. Na'ura ɗaya, zuriya uku, kuma ba ruwanta da ƙasar da kaset ya fito.

Maganar ƙasar da kaset ya fito ita ce inda talaka ke samun rangwame, idan ya san kanta. Kaset ɗin Japan sun fi na Amurka araha nesa ba kusa ba, saboda an buga su da yawa a can, kuma mutanen Japan sun iya adana kaya. Tsakanin Super Nintendo ta Amurka da kaset ɗin Japan babu wani shinge a cikin injin. Wasu 'yan ƙananan haƙoran roba biyu ne kawai a cikin ramin da ake zura kaset suke tokare shi. Idan aka cire su, shi ke nan, kaset ya zauna ya tashi. Ta Turai ce mai gardama, don ita makullinta a cikin fanel yake, wato allon lantarkin da ke cikinta, sannan tana tafiya ne a kan tsarin talabijin na PAL mai bugun 50 a daƙiƙa, alhali ta Japan da ta Amurka suna kan 60. Gem da yawa ba a gyara su don wannan bambanci ba, sai ka ga komai yana jan ƙafa da kusan kashi 17 cikin ɗari, har kiɗan ma wani lokaci. Wanda ya tashi da ta Turai bai san ana ja masa rai ba sai ranar da ya buga ta Japan.

Tabbas rubutun Japananci yana hana ka wasu gem. Irin su Dragon Quest da Final Fantasy, waɗanda rabinsu karatu ne, ko an ba ni a banza ado kawai za su zame mini. Amma Street Fighter II ko Super Mario World ko Super Mario Kart, wane karatu ake yi a cikinsu? Naushi naushi ne a kowane harshe.

Wani abin da ke ba sababbin shiga mamaki shi ne mafi daɗin gem galibi su ne mafi yawa a kasuwa. Super Mario Bros. na 1985 an sayar da sama da miliyan 40, Tetris na Game Boy ya haura miliyan 30, domin tare da na'urar ake haɗa su. Wanda ba a samu kuwa, sau da yawa don bai yi kasuwa ba ne tun farko. Stadium Events na 1987 yana cikin mafi tsadar kaset ɗin NES, wato na'urar Nintendo da ta gabaci Super Nintendo, kuma gem ne na guje-guje da ake taka tabarmar roba, wanda aka janye daga kasuwar Amurka ba da daɗewa da fitowarsa ba. Ƙarancinsa ake saye, ba daɗinsa ba. Gem ɗin ƙwallo kuma, da yake kowace shekara sabo ke ture tsoho, kusan kyauta ake bayar da su, kuma International Superstar Soccer na Konami har gobe yana tara mutane a gaban talabijin.

Yawancin kayana da dattinsu na saye su, da gangan. Mai kuɗi yana biyan tsabta, ni kuwa ina biya da lokacina. Idan mai sayarwa ya rubuta cewa kaset ba ya tashi, a mafi yawan lokuta ba mutuwa ya yi ba, haƙoran tagullar da ke ƙasansa ne suka yi baƙi. Ina tsoma auduga mai tsinke, irin ta goge kunne, a cikin sifirit mai ƙarfi da ake kira isopropyl, in bi haƙoran ɗaya bayan ɗaya, gaba da baya. Audugar farko takan fito baƙi ƙirin, ta biyu toka-toka, wani lokaci da ɗan kore-kore inda danshi ya ci. Sai na ga ta fito fari tas nake barin sa ya sha iska ya bushe. Ranar da ka zura kaset ɗin da aka sallama maka a matsayin gawa, ka murɗa makunni, tambarin kamfani ya fito da ƙararsa, daɗin ya fi na sayen mai tsada.

Hura kaset da baki, wanda duk muka taso muna yi, ba ya gyara komai. Cirewa da mayarwar ce ke sa haƙoran su sake kamawa, tururin bakin kuma tsatsa yake bari. A NES ta Amurka ma matsalar sau da yawa ba ta kaset ba ce. Bakin da ke karɓar kaset, mai haƙora 72, shi ne ke saki saboda yadda ake danna kaset ƙasa, sai jar fitilar ta riƙa kunnawa tana mutuwa. Ana iya tsabtace shi, a ɗan ɗaga haƙoransa, ko a canza shi ɗungurum.

Akwai bambanci tsakanin “ba ya tashi” da “ban gwada ba”. Na farko mai gaskiya ne. Na biyun, idan mai tallan yana da na'urori cike da shafinsa na intanet, na fi ɗaukarsa a matsayin an gwada an ga ba ya yi. Ina saye, amma a farashin matacce.

Kayan aikin da ya fi kowanne mayar mini da kuɗinsa shi ne sukundireba na musamman mai suna gamebit. Nintendo ya ɗaure kaset ɗinsa da wasu notina masu kai kamar tauraro, waɗanda sukundireban gida ba ya kamawa. Mai milimita 3.8 yana buɗe kaset, mai 4.5 yana buɗe jikin Super Nintendo da Nintendo 64. Jikin Game Boy da kaset ɗin Game Boy Advance kuma suna da nasu mai fiffike uku. Da su nake gane jabu, kuma jabu ya cika kasuwa, musamman Pokémon na Game Boy Advance. Daga waje ina duba sitikar gaba: ta ainihi tana da wasu 'yan lambobi da aka danna a jikinta, ba da tawada ba, sai ka karkata kaset a haske kake ganinsu. Launin ta jabu yakan yi ƙyalli fiye da kima ko rubutun ya yi dishi-dishi. Amma hukuncin ƙarshe a ciki yake. Fanel na ainihi yana ɗauke da sunan Nintendo a rubuce tsaf, dalmarsa a jere kamar an auna. Na jabu yakan zo ƙarami, wani lokaci da wani baƙin ɗigo kamar kwalta a inda ya kamata a ga guntun ƙwaƙwalwa. Mai sayarwar da ya ƙi turo hoton cikin kaset mai tsada, ya riga ya ba ni amsa.

A cikin kaset ɗin kuma akwai abin da ke mutuwa a hankali ko ana bugawa ko ba a bugawa: ɗan batir mai kama da kwabo da ke riƙe inda ka tsaya a gem. The Legend of Zelda na 1987 yana cikin na farko da suka zo da shi. A Super Nintendo yawanci CR2032 ne. Wasu sun yi shekara 30 suna aiki, amma na Pokémon Gold da Silver sun riga sauran mutuwa, saboda akwai agogo a ciki da ke tafiya dare da rana yana shan batir. Canza shi aikin 'yan mintuna ne ga wanda ya iya riƙe ƙarfen narka dalma, kuma don wannan na koya. Abin da ya kamata a sani shi ne da zarar an cire tsohon, duk abin da aka ajiye ya goge. Nakan duba tukuna. Wani lokaci ka tarar da sunan wani yaro da ba ka sani ba, ya kai gem ɗin har dab da ƙarshe ya tsaya. In batirin na da sauran rai, nakan ƙyale shi.

Inda ba na neman araha ko kaɗan shi ne wuta. Kayan Japan an yi su don wuta mai ƙarfin volt 100, na Amurka 120, na Turai 220 zuwa 240. Adaftar Japan ta shiga soket mai 230 kai tsaye, sai hayaƙi. Ko bakin waya ya shiga daidai, ba shi ne ya dace ba: adaftar NES ta Amurka wutar AC take fitarwa, Famicom, wato NES ta Japan, da Mega Drive ta farko kuwa DC suke so, kuma bakin yana iya shiga salin-alin ya ƙone na'urar. Na san masu tarawa da suka yi asarar na'ura mai rai ta wannan hanya, don kawai wayar ce ta zo hannu. Ni kowace adafta na manna mata takarda da sunan na'urarta, kuma kafin in haɗa sabuwa sai na karanta rubutun da ke ƙarƙashin na'ura da na jikin adaftar na ga sun yi daidai.

Talabijin kuwa, tsohuwa mai ƙusumbi ita ce gaskiyar waɗannan gem. Don ita aka zana su. A kan shafaffiyar talabijin ta zamani hoton yakan yi kaushi, sannan akwai ɗan jinkiri tsakanin danna maɓalli da motsin da za ka gani, wanda ya isa ya jefa Mario rami. Bindigar Duck Hunt, gem ɗin harbin agwagi, ma sam ba ta aiki da ta zamani, domin da hasken tsohuwar take gane inda aka saita ta. Abin daɗin shi ne mutane neman kai suke da irin waɗannan talabijin. Ƙarama ta ishe ka, wahalarta ɗauka ce kawai.

Robar Super Nintendo da ta koma ruwan ɗorawa ba ta dame ni ba. Shekaru ne da zafi da hasken rana. Akwai masu wanke ta da sinadarin hydrogen peroxide a rana ta yi fari, amma launin kan dawo daga baya. Rawayar ce ma ke karya mata farashi, injin kuma lafiyarsa ƙalau.

Na mallaki kaset ɗaya na zamani, irin su EverDrive, wanda ake zura wa katin memori ya riƙa buga gem a kan na'urar ta ainihi. Wasu masu tarawa suna yi masa kallon cin amana, kuma akwai batun haƙƙin mallaka da kowa zai auna wa kansa. A wurina amfaninsa shi ne yana hana ni sayen kaset don suna kawai. Gem da yawa da ake kururutawa a intanet, minti goma suka ishe ni da su. Wanda na ga ina komawa kansa dare bayan dare, shi nake rubutawa a jerin da ke wayata, da iyakar abin da zan iya biya a gefensa. Idan gwanjo ya haura wannan iyaka ina janye hannu, domin kaset ɗin da aka buga miliyoyinsa zai sake fitowa wata mai zuwa.

Sauran kuma musaya ce. Sayen tari ya fi sayen ɗai-ɗai sauƙi, sai dai kullum yana zuwa da maimai da waɗanda ba ka so. Ina goge su, in canza wa mai buƙata batir, in ɗauki hoton fanel ɗinsu a buɗe, sannan in kai su wurin 'yan'uwa masu tarawa. Kaset biyu ko uku masu tsabta da sabon batir sukan karɓo mini ɗaya daga cikin jerina ba tare da na taɓa aljihu ba. Yanzu haka da irin wannan musayar na samo Game Gear ta Sega, mai cin batir shida, wadda hotonta ya dusashe sautinta ya ɗauke. Ciwon da aka san su da shi ne, kafasitocin ciki, wato 'yan ƙananan sassan da ke tara wuta, su ne suka tsufa suka fara yoyo, kuma saitin sababbi na nan tafe a hanya.