Iskar teku: inda na ga arzikin yanki yake zama

Aikina shi ne tantance takardun masu neman jari a harkar samar da lantarki da iskar teku, musamman ɓangaren da ya shafi garuruwan bakin ruwa: wace tashar jiragen ruwa za a faɗaɗa, wace masana'anta za a kafa, wa zai ba da bashi, yaushe kuɗin zai dawo. Kusan duk takardar da ta zo gabana da adadin megawat, wato ma'aunin ƙarfin lantarki, take buɗewa, sai kuma yawan guraben aikin da ake sa ran samu. Ni waɗannan alƙaluma biyu daga ƙarshe nake karanta su. Abin da nake fara lalube shi ne jadawali: wace kwangila aka riga aka sa wa hannu, wace ce ke biye da ita, kuma shekara nawa ce a tsakani. Harkar nan ta koya mini cewa yanki ba ya samun komai don kawai iska na kaɗawa a tekunsa. Yana samu ne idan akwai wurin yin aikin a tudu, kuma aiki na bin aiki ba tare da giɓi ba.

Sai mutum ya san girman kayan kafin ya gane dalili. Filin injinan iska na farko a teku, Vindeby a ƙasar Denmark, a 1991 aka kafa shi da injina 11, kowanne kilowat 450. An kwance shi a 2017. Yau injinan da ake kafawa a Dogger Bank, a tekun da ke gabashin Ingila, kowanne ya kai megawat 13 ko fiye, kuma fiffike ɗaya tsawonsa mita 107. Injin ɗaya na yanzu ya ninka duk Vindeby fiye da sau biyu. Kayan da ya kai wannan girma ba ya hawa babbar mota, ba ya bi ta ƙarƙashin gada, ba ya shan kwana. Dole a ƙera shi a bakin ruwa, a ajiye shi a bakin ruwa, a loda shi a bakin ruwa.

Duk wanda ya taɓa tsayawa a tashar da ake tara kayan nan ba zai manta ba. Fuka-fukan suna kwance a kan tankunan ƙarfe, farare tas, jere da juna, kuma gindin kowanne, inda ake ɗaure shi da injin, mutum zai tsaya a ciki ba tare da ya sunkuya ba. Gefe guda ga hasumiyoyin an riga an haɗa su a tsaye suna jiran jirgi. Amma abin da injiniyan tasha zai nuna maka da alfahari shi ne ƙasar da kake takawa. Dandamalin da aka gina don kwantenoni ba zai ɗauki nauyin ginshiƙin da ya haura tan 1,000 ba, sai an sake kafa shi da turaku masu zurfi. Ƙasan ruwan da ke gaban dandamalin ma sai an gyara, domin jirgin da ke kafa injinan ƙafafu yake saukewa ya tsaya a kansu ya ɗaga jikinsa sama da ruwa. Idan laka ce mai taushi, ƙafar za ta nutse. Ga yashe hanyar shiga, ga fili mai faɗi a bayan dandamali wanda babu gini a kansa. Wannan aiki yana cin shekaru kafin injin ko ɗaya ya iso, kuma babu mai zuwa yanke kyalle a kansa. Ba a fafe gora ranar tafiya: garin da ya jira sai an ba da kwangila kafin ya fara gyaran tasharsa, kwangilar tashar maƙwabta za ta tafi.

Esbjerg ce misalin da kowa a harkar ke ambatawa, kuma ta cancanta. Garin masunta ne a yammacin Denmark, daga baya ya zama sansanin masu haƙar mai da iskar gas a Tekun Arewa. Da aka gina filin Horns Rev a tekun da ke kusa da garin a 2002, injina 80, megawat 160, tashar na da jirage, da masu walda, da mutanen da suka saba aiki a kan ruwa cikin sanyi. Ba daga sifili suka fara ba, sana'a suka juya. Abin da ya fi burge ni game da Esbjerg shi ne ba ta dogara da filayen Denmark kaɗai ba. Tana loda kaya zuwa ayyukan Jamus, da Birtaniya, da Holand. Idan gwamnati ɗaya ta jinkirta gwanjon da take raba ayyukan iska da shi, wata na buƙatar dandamalin.

Kwatanta garuruwa biyu a Birtaniya shi ya fi fito mini da darasin fili. A Hull, kamfanin Siemens da masu tashar suka zuba fam miliyan 310 a Alexandra Dock, aka buɗe masana'antar fuka-fukai a ƙarshen 2016, ta ɗauki ma'aikata kusan 1,000. A 2021 aka sanar da faɗaɗa ta. Me ya sa ta rayu? Domin a gabanta akwai jerin manyan filaye irin su Hornsea, ɗaya bayan ɗaya, kuma mai masana'antar shi ne mai sayar da injin, saboda haka ya san odar da ke tafe kafin ya aza tubali. A Skotland kuwa, kamfanin BiFab da ke yankin Fife ya ƙera ƙafafun ƙarfen da injinan filin Beatrice ke tsaye a kansu cikin ruwa, ya nuna zai iya. Amma da aikin ya ƙare sai yadin, wato wurin da ake ƙera kayan, ya yi shiru. Filin Neart na Gaoithe, wanda ana iya hango shi daga gaɓar Fife, yawancin ƙafafunsa a Indonesiya aka ƙera su aka ɗauko su a jirgi. A Disamban 2020 BiFab ya durƙushe. Wannan labari yana taɓa ni duk lokacin da na tuna shi, domin masu waldar nan ba su gaza a aikinsu ba. Yadin ne bai samu jarin da zai riƙa fitar da kaya da yawa a farashi mai sauƙi ba, kuma babu mai ba da irin wannan jarin ga wurin da ba shi da tabbacin aikin shekara mai zuwa.

Shi ya sa idan shugabannin wani yanki suka ce mini masana'anta suke so, nakan tambaye su ko sun yi lissafin gyara da kula. Gina fili shekara biyu ne zuwa uku. Kula da shi shekara 25 ne ko fiye. Grimsby, wadda sana'ar sunta ta karye bayan rikicin kamun kifi da Iceland a shekarun 1970, yau ita ce cibiyar da kamfanin Ørsted ke kula da filayensa na gabashin Ingila. Tun da sassafe ma'aikata ke taruwa, a duba hasashen igiyar ruwa, a shiga ƙananan jirage. Idan an isa, matuƙi ya manna hancin jirgin da ginshiƙin injin, ya riƙe shi da ƙarfin inji, ma'aikaci ya ƙulla igiyar kariya, ya jira igiyar ruwa ta ɗaga jirgin, sannan ya taka tsani. Idan tsayin igiyar ruwan ya wuce kamar mita ɗaya da rabi, yawancin irin waɗannan jiragen ba sa sauke mutum, ranar ta tafi. Filaye masu nisa, irin Hornsea 2 mai injina 165 da ke kimanin kilomita 89 daga gaɓa, babban jirgi ake amfani da shi, ma'aikata su kwana a ciki mako biyu, su riƙa ketarawa ta wata gada mai daidaita kanta da motsin ruwa.

A bayan kowane ɗaya daga cikin ma'aikatan nan akwai ƙananan kamfanoni da ba sa fitowa a jarida. Mai gyaran injin jirgi. Mai duba igiyoyi da rigunan kariya yana sa musu hatimi. Makarantar da ke koyar da aiki a sama da tsira a ruwa, wadda dole ma'aikaci ya koma ya sabunta shaidarsa duk shekara biyu. Masu fenti na hana tsatsa, masu nutso, masu binciken ƙasan teku, masu ajiyar kayan gyara, masu dafa abincin jirgi. A ganina nan ne ɗan kasuwar yanki ya fi samun ƙofa, domin babu wanda zai ɗauko mai gyaran famfo daga wata nahiya idan akwai ƙwararre a bakin tasha. Abin da ke hana su shiga galibi takardu ne: shaidar inganci, inshora, tarihin kiyaye haɗari. Hukumar yanki da ta taimaka wa kamfanoni ashirin suka samu waɗannan takardun ta yi aikin da ya fi taron masu zuba jari guda goma amfani. Af, da wayoyin ƙarƙashin teku: masu inshora sun daɗe suna cewa kaso mafi tsoka na diyyar da suke biya a harkar nan daga lalacewar wayoyin yake fitowa. Duk kamfanin da ya iya gano inda waya ta lalace ya kuma gyara ta da sauri ba zai rasa ciniki ba.

Shekarar 2023 ta koya wa kowa a harkar wani abu game da kuɗin ruwa. Filin iska ba ya sayen mai, ba ya sayen gawayi. Kusan duk kuɗinsa a farko ake kashewa, kuma yawancinsu bashi ne. Saboda haka idan kuɗin ruwa ya tashi, farashin lantarkin da zai sa aikin ya biya kansa yana tashi tare da shi, ko da iskar ba ta canja ba. Ga kuma tsadar ƙarfe da hayar jirage. A watan Yuli kamfanin Vattenfall ya dakatar da aikin Norfolk Boreas, ya ce kuɗin aikin ya ƙaru da kusan kashi 40 cikin 100. A Satumba gwanjon gwamnatin Birtaniya ya ƙare ba tare da ko tayi ɗaya daga masu iskar teku ba, domin an ƙayyade farashi a fam 44 kan kowace megawat-awa, da lissafin kuɗin 2012. Sai da aka ɗaga shi zuwa fam 73 a zagaye na gaba suka dawo. Kafin shekarar ta ƙare, Ørsted ya soke ayyukan Ocean Wind guda biyu a jihar New Jersey ta Amurka, jihar da ta riga ta zuba kuɗi a sabuwar tashar da aka tsara musamman don wannan harka. Babban kamfani yana iya rubuta asara ya koma wata ƙasa. Garin da ya gina dandamali ba ya iya ɗaukar dandamalinsa. Tun daga nan, tambayar da ba na bari ta wuce ita ce: idan aikin iska ya yi jinkirin shekara uku, me wannan tasha za ta loda?

Batun tilasta sayen kayan gida kuwa, ina goyon bayan manufarsa, amma na ga inda yake cizon mai shi. Taiwan ta gindaya sharuɗɗa masu tsauri, kuma ta samu wani abu: akwai masana'antar haɗa kawunan injina a Taichung tun 2021. Amma farashi ya hau, wasu ayyukan sun yi jinkiri, a 2024 Tarayyar Turai ta kai ƙorafi Ƙungiyar Ciniki ta Duniya, kuma Taiwan ta amince ta sassauta. A Amurka dokar Jones ta 1920 ta ce kayan da za a ɗauka tsakanin tashoshin ƙasar sai a jirgin da aka ƙera a Amurka, mallakar Amurkawa, da ma'aikatan Amurka. Da yake Amurka ba ta da irin jirgin kafa injinan a lokacin, injina biyu na gwaji da aka kafa a gaɓar Virginia a 2020 daga tashar Halifax ta Kanada aka lodo su. Dokar da aka yi don kare aikin gida ta tura aikin lodi zuwa wata ƙasa. Sharaɗin da na ga yana aiki shi ne wanda ya zaɓi abu biyu ko uku da yankin zai iya yi da gaske, ya kuma zo da tabbacin oda na shekaru. Sin ta kafa kusan gigawat 17 a teku cikin 2021 kaɗai, kuma masana'antunta a Jiangsu da Guangdong sun girma ne saboda kasuwar gida ta isa ta ciyar da su. Ƙaramar ƙasa ba za ta iya kwafar wannan ba sai ta haɗa kasuwa da maƙwabtanta.

Kuɗin hayar teku ma suna ruɗar mutane. Gwanjon New York Bight, wato tekun da ke gaban New York, a Fabrairun 2022 ya tara dala biliyan 4.37, na ScotWind a Skotland a farkon shekarar ya tara kusan fam miliyan 700. Kuɗi ne masu yawa, amma baitulmali suke shiga, kuma kamfanin da ya biya zai nemi fanshewa a farashin lantarki ko ta matse masu yi masa aiki. Haka kuma masunta: duk tsarin da bai zauna da su tun kafin a ja layin fili a taswira ba, a kotu ko a bakin tasha zai haɗu da su, kuma suna da gaskiyarsu, domin wurin neman abincinsu ne ake magana a kai.

Yanzu takardun da suka fi zuwa gabana na injina masu shawagi ne, waɗanda ake ɗaure su da sarƙa a ruwa mai zurfin da ginshiƙi ba zai kai ba. Hywind Scotland, injina 5 a gaɓar Peterhead, tun 2017 yake aiki, sai Hywind Tampen na Norway mai megawat 88. Irin wannan injin a tasha ake haɗa shi gaba ɗaya a ja shi da jirgi zuwa wurinsa, wanda ke nufin aiki mai yawa zai dawo tudu: kankare, sarƙoƙi, anka, jiragen ja. Amma yana buƙatar ruwa mai zurfi a gaban dandamali da wurin ajiye ginshiƙan a kan ruwa, kuma tashoshin da ke da waɗannan kaɗan ne. Har yanzu lantarkinsa ya fi na ginshiƙi tsada sosai. Masu tasha suna jiran oda kafin su zuba jari, masu filaye suna jiran tasha kafin su ba da oda, kuma a duk inda na ga an fara motsi, gwamnati ce ko bankin raya ƙasa ya ɗauki kasadar gina dandamalin farko.