Tarihin Rayuwata, Kashi na 6: Malaman Benci na Baya

Makon jiya mun tsaya a shekarun makarantar Lahadi. Wannan kashin kuwa na malamanmu ne: malamin mawaƙa, iyayenmu na Zumuntar Mata, da dattawan da ke zama a benci na baya suna kasa kunne. Yabon gwani ya zama dole, kuma hanyar godiyar da na zaɓa ita ce in rubuta yadda suke aikin horar da yara a coci, ko mai riƙe da matasa a yau ya sami abin ɗauka.

Ikilisiyoyin Sakkwato na da wani hali da ya sa aikin ya zama tilas. Yawancin masu bi zuwa suka yi: mutanen Zuru, na kudancin Kaduna da Filato, iyalan sojojin barikin Giginya, ɗaliban Jami'ar Usmanu Danfodiyo. Hausa ce ke haɗa su a sujada. Soja ana yi masa canjin wurin aiki, ɗalibi yana gama karatu ya tafi. Mai kiɗan kibod da ake taƙama da shi bana, baɗi yana Maiduguri. Ikilisiyar da ba ta horar da yaranta ba za ta wayi gari ran Lahadi babu mai ɗaga waƙa, kuma wannan ya shafi kowa, daga ECWA har babban cocin Holy Family na Katolika, inda Bishop Matthew Hassan Kukah ke jagoranci tun 2011.

A fara da waƙa, domin nan ne yawancin yara ke shigowa. Malamin kirki ba ya gwada muryar sabon yaro a gaban jama'a. Yakan bari a tashi, ya kira shi gefen kibod, ya buga do, wato sautin farko a jerin sautukan waƙa, ya ce bi ni, suna hawa ɗaya bayan ɗaya har inda muryar ta fara matsewa, sannan su sauko. Inda ta zauna daidai, nan ne gidanta: sofrano, alto, teno ko bas, wato rukunan murya daga mafi siriri zuwa mafi kauri. Sabuwar waƙa ana rubuta ta a allo da haruffan sautuka, d r m f s l t, a koya wa sofrano tukuna tunda su ke riƙe da karin da kowa ya sani, sannan sauran, kowane rukuni shi kaɗai, layi biyu biyu. Sai kowa ya iya nasa ake haɗawa. Alto su ne masu wahala: kunnensu na jan su zuwa sofrano, kafin a kai amshi sun koma can ba su sani ba. Maganinsa a ɗan raba su da tazara, a kuma sa mai ƙarfin murya a tsakiyarsu.

Abin da ya fi korar samari daga ƙungiyar mawaƙa shi ne fashewar murya, wajen shekara 12 zuwa 15. Yaron da ke jan baiti jiya, yau muryarsa na tsinkewa, 'yan mata na ƙunshe dariya. Malamin da bai san aiki ba sai ya ce masa ya yi shiru, kuma daga ranar ba a ƙara ganinsa. Wanda ya sani yakan ce, "Ɗana, girma ne ya zo, riƙe mini gangar nan." Ya ba shi ganga ko caki na 'yan watanni, yana gwada shi lokaci lokaci, har muryar ta zauna a teno ko bas. Gwanayen bas da yawa ta wannan ƙofar suka bi.

Yanayin garin ma sai an yi lissafi da shi. Waƙoƙin Kirsimeti ana koyonsu ne cikin hunturu, ƙura ta busar da maƙogwaro, don haka malam kan saukar da kiy, wato tsayin sautin da ake rera waƙar a kai, da rabin mataki, ya hana ruwan sanyi kafin waƙa. A Afrilu da Mayu kuwa, zafi kan wuce digiri 40, koyon waƙa ƙarƙashin kwano da ƙarfe biyu na rana zalunci ne. Bayan la'asar ake farawa, awa ɗaya da rabi, a tashi kafin magariba don 'yan mata su isa gida da haske. Ga kuma ƙaramin abu mai kunyata sabon makaɗi: maɓallin sauya kiy da aka bari daga waƙar baya. Ya buga daidai, mawaƙa su shiga wani wuri dabam. Shi ya sa darasin farko shi ne duba allon kibod kafin a taɓa komai.

Karatun Littafi Mai Tsarki a gaban jama'a shi ma matakai ne. Ana ba yaro nassin tun Laraba. Ya karanta da ƙarfi sau uku a gaban malam, a sa alamar fensir inda zai numfasa, a ware sunaye masu wuya irin Nebukadnezzar a maimaita su kaɗai. Yaran da Hausa ba harshen gidansu ba ce sukan haɗa k da ƙ, d da ɗ, sai an zauna da su. Dole kuma a tabbatar fassarar da ya yi bita da ita ce ke kan bagadi, domin tsohuwar fassarar 1932 na nan a gidaje da yawa, kalmominta sun bambanta da na sababbi, yaro ya hau ya ga baƙin abu ya rikice. Makirfo, tazarar yatsu huɗu daga baki, kada a juya shi wajen lasifika. Mai son zama tafinta ba a fara shi da wa'azi. Sanarwa ake ba shi, gajerun jimloli, wata uku ko fiye.

Inda na fi ganin hikimarsu shi ne gyara. Ba a gyara yaro ran Lahadi yana saukowa, jikinsa na rawa. Ranar, "sannu da ƙoƙari" kawai zai ji, sau da yawa daga bakin wata Mama ta Zumunta da ta tare shi a ƙofa. Gyaran sai ranar bita, a keɓe, abu ɗaya tak, kuma a faɗi takamaiman abin da ya yi daidai kafin nan. Wanda ya faɗi ƙasa warwas ana sake sa shi cikin mako biyu, kafin tsoro ya yi saiwa. Dattawa kan kafa hujja da Barnaba, wanda ya ɗauki Markus bayan Bulus ya ƙi tafiya da shi (Ayyukan Manzanni 15), har daga baya Bulus da kansa ya ce Markus na da amfani a gare shi (2 Timoti 4:11).

Aikin kan lalace ta hanyoyi sanannu. Yabo ya yi yawa a kan yaro ɗaya, ya daina zuwa bita. A riƙa ba 'ya'yan manya baiti, na talaka na kallo. A matsa wa mai jarrabawar WAEC da bita kullum har iyaye su janye shi, alhali malamin kirki da kansa yake ba da hutu. Kuma babu malamin da ya san mutuncinsa da zai keɓe da yarinya babu wata babbar mace a wurin.

Mako mai zuwa za mu shiga sakandare, da ƙungiyar ɗalibai Kirista ta FCS da aka kafa a Gindiri a 1957.