Laraba, da kalmar da na cusa mata

Muhawarar nan da na yi sati biyu ina damun ku da zancenta dai an yi ta yau a ajina. Take: a soke aikin gida ko a bar shi. Turanci zalla, kowa minti ɗaya, kuma na raba wa kowane yaro kati biyu, in ka yi magana ka ajiye ɗaya, in suka ƙare ka ja bakinka. Ba sai na faɗa muku don wa na ƙirƙiro wannan dokar ba. Kafin minti 10 Sarkin Surutu ya cinye nasa, na tsince shi yana cinikin katin maƙwabcinsa da fensir. Da ƙyar na danne dariya.

Sun yi ƙoƙari, gaskiya. Tagwaye sun haddace jawabi ɗaya, suka karanto shi bi da bi kamar ba mu ji na farkon ba. Nahawu ya sha wuya a bakin kowa, amma ban tanka ba. Tun da safe na yi wa kaina alkawari ba zan katse yaro ba, kurakuran a takarda zan tara mu duba gobe.

Sai ga Shiru-shiru ta ɗaga kati.

Kun san tun farkon zango ban taɓa jin ta haɗa jimla ɗaya a gaban aji ba, alhali a rubutu babu mai kamo ta. Ta miƙe, takarda na rawa a hannunta, ta ce ba ta son aikin gida saboda idan ta koma gida tana... ta tsaya. Aji ya yi tsit. Na hango Sarkin Surutu ya fara motsa baki, gabana ya faɗi kada ya sa a yi mata dariya, sai na yi caraf na ba ta kalmar da ke nufin gajiya. Ta kalle ni, ta maimaita, ta zauna. Aka tafa. Ni ma har da tafawa, ina jin daɗin na cece ta.

Bayan an tashi, ina tattara katuna, ta dawo ta tsaya bakin tebur.

"Malama."

"Na'am, 'yata. Yau kin burge ni."

"Ba gajiya nake nufi ba."

"To me kike nufi?"

Ta faɗi kalmar da Turanci, tsaf, babu ko tuntuɓe: kalmar da ke nufin kaɗaici. Wai in ta koma gida babu wanda za ta tambaya idan ta maƙale, sai ta yi ta kallon shafin har dare. Ta ce, "Kalmar ta zo fa, Malama. Tana bakina."

Na ce ta yi haƙuri. Ta ce ba komai, ta saɓa jakarta ta fita. Wannan "ba komai" ɗin ne ya hana ni sakat tun ɗazu.

Abin haushin, na san zancen. A taron horarwa aka ba mu labarin Mary Budd Rowe, malamar kimiyyar nan ta Amurka da ta naɗi darussa tana auna shirun da malamai ke bari. A 1972 ta bayyana cewa kusan daƙiƙa ɗaya kacal muke jira kafin mu tsoma baki, kuma in aka kai uku amsoshi kan yi tsawo, waɗanda ba sa magana ma su fara. Ni ce ma na dawo ina yi wa abokan aiki wa'azi a kai. Yaron da ke koyon harshe kuwa aiki biyu yake yi a cikin shirun nan, yana nemo abin da zai ce yana kuma nemo yadda ake cewa. Na hana Sarkin Surutu katse mutane da kati, ni da ba ni da kati na katse ta.

Kuma hujjarta ta fi ta kowa ƙarfi. Duk sauran cewa suke yi aikin gida na hana su wasa. Da ta ƙarasa, da ɓangaren masu son a soke aikin gida, wanda ya sha kaye, shi ne zai ci. Yanzu yara 31 na ajin sun tafi da cewa gajiya ce ke damunta.

Na ba maigida labari, ya ce in sake ba ta dama gobe. Da sauƙin faɗi. In na kira sunanta a gaban aji, anya ba zan mayar da ita gidan jiya ba? Katinta na biyu dai yana hannunta, ba ta dawo da shi ba, ni kuma ban tambaya ba.

Na gwada ƙirga daƙiƙa uku da agogon waya ɗazu. Suna da tsawo.

Littattafai na jirana, jan biro kuma ya ƙare.