Shirun da Ke Biyo Bayan Minshari

Maiɗakina ce ta fara lura da abin, tunda mai barci ba ya jin minsharinsa. Wata rana bayan sallar asuba ta ce mini, "Malam, ba minsharin ne ke tayar mini da hankali ba, shirun da ke biyo bayansa ne, domin sai numfashinka ya yi ƙasa kamar zai ɗauke, sannan ka zabura kamar wanda aka shaƙe." Na ɗauki maganar da wasa, duk da ciwon kan da nake tashi da shi kullum, har ranar da gyangyaɗi ya kwashe ni a kan sitiyari cikin cunkoson Kwangila a Zariya.

Likitan da na gani ya auna wuyana da tef irin na tela, ya ce kaurin da ya kai santimita 43 a namiji abin lura ne, balle ga mai hawan jini irina, domin yana iya nuna haɗarin ciwon ɗaukewar numfashi a cikin barci, wato sleep apnea. Daga nan aka haɗa ni da na'urar gwajin barci na kwana da ita: ɗamara a ƙirji, siririn bututu a ƙofar hanci, da ɗan maƙale a yatsa mai auna iskar oksijin a jini. Abin da ake ƙirgawa shi ne sau nawa a awa ɗaya numfashi ya tsaya, ko ya ragu da aƙalla kashi 30 cikin ɗari na tsawon daƙiƙa 10 ko fiye. Daga 5 zuwa 14 mai sauƙi ne, 15 zuwa 29 matsakaici, 30 zuwa sama kuwa mai tsanani. Nawa matsakaici ne. Musabbabin ciwon shi ne naman maƙogwaro yana sakewa a cikin barci ya matse hanyar iska, musamman idan an kwanta rigingine.

An rubuta mini injin CPAP, wanda likita Colin Sullivan na Ostareliya ya gabatar a 1981, mai hura iska a hankali ta takunkumin hanci domin hanyar ta zauna a buɗe. Makon farko na sha wuya, sau da yawa ina farkawa in tarar na cire takunkumin ban sani ba. Kuskurena mafi girma shi ne ban yi tunanin wuta ba kafin in sayo injin, alhali a Zariya ake zaune. Sai da na haɗa shi da batirin sola sannan na fara kwana da shi har asuba. Da hunturu ya shigo kuma hancina ya bushe har yana jini, sai na koyi cika tankin ruwan injin, mai jiƙa iskar da yake hurawa, kowane dare.

Na daina cika cikina da tuwo dab da kwanciya, na koma kwanciya ta gefe, teɓar ma ta ɗan ragu. Maiɗakina kuwa ta ce a makonnin farko takan miƙo hannu tsakar dare ta taɓa ƙirjina, saboda ba ta saba jin ɗakin shiru haka ba.