Yadda na ƙara wa motata fitilu ba tare da na huda dashbod ba

Duk wanda ya taɓa kama hanyar Funtuwa daga Zariya bayan sallar isha'i a watan Janairu ya san abin da hazo yake yi wa direba. Da zarar an wuce Samaru an doshi Shika sai duniya ta koma fara fat, idan ka kunna dogon haske ya dawo maka a ido kamar ka haska farin bango, idan ka koma gajere kuma ba ka ganin mai keke sai kun yi kusan gwabzawa. Ina da 'yar gona a wajen Giwa wadda take tilasta mini wannan tafiya sau biyu a mako, shi ya sa na yanke shawarar ƙara wa tsohuwar Hilux ɗina fitilu iri biyu: na hazo guda biyu a ƙasan bamba, da doguwar fitilar LED ɗaya domin hanyar daji a daren da gari ya washe.

Sharaɗina ɗaya ne, ba na so a huda mini dashbod a maƙala wani makunni mai jan ido irin na motocin haya. A jikin sandar fitila ta gefen sitiyari akwai zobe mai alamar fitilar hazo tun daga kamfani, wanda nake murzawa ba ya kunna komai, sannan a ƙasan dashbod akwai gurabe biyu da aka toshe da baƙar roba. Na ce a yi amfani da waɗannan.

Mai rewayan da na fara kai wa bai ɗauki rabin awa ba. Ya fere wayar dogon haske a bayan ƙwan fitila, ya murɗa wayar doguwar fitilar a kai, ya naɗe da tef, da fiyus ɗin ya ƙone a gwajin farko kuma sai ya cire mai lamba 10 ya sa mai lamba 30, ya ce magana ta ƙare. A daren nan, ban kai Shika ba na fara jin ƙaurin roba a cikin mota. Laifin ba nasa ba ne shi kaɗai, domin ina tsaye ya canza fiyus ɗin ban ce uffan ba, alhali na san cewa aikin fiyus shi ne ya mutu kafin waya ta mutu, kuma wanda ya ƙara masa girma ya mayar da wayar ce ta zama fiyus.

Washegari na kai motar wurin wani dattijo a Sabon Gari wanda ya tsufa a wannan sana'a. Ya shinshina, ya bi wayar da yatsa har inda robar ta narke ta manne da 'yar'uwarta, sannan ya ce: "Alhaji, makunnin kamfani ɗan aike ne, ba ɗan dako ba ne. Shi saƙo yake kaiwa, kai kuma ka ɗora masa buhu." Na ce: "Baba, to wa zai ɗauki buhun?" Sai ya zaro wani ɗan baƙin akwati mai ƙafafu huɗu daga aljihun rigarsa ya ajiye mini a tafin hannu.

Wannan akwatin shi ne rile, kuma a kansa aikin gaba ɗaya ya rataya. Idan aka juya shi za a ga lambobi a gindin ƙafafunsa, waɗanda tsari ne na Jamus da kusan duk masu ƙera kayan wutar mota suke bi. Lamba 30 ita ce take karɓar wuta kai tsaye daga batir, lamba 87 ita ce take miƙa ta ga fitila, su kuma 85 da 86 su ne bakin wani siririn naɗin waya da yake zama maganaɗisu idan wuta ta ratsa shi, ya ja ƙarfen da yake haɗa 30 da 87. Abin da naɗin yake sha bai kai kashi ɗaya cikin huɗu na amfiya ɗaya ba, saboda haka makunnin kamfani da siraran wayoyinsa ba sa ma jin an ƙara musu komai, yayin da nauyin fitilar yake bin wata hanya dabam mai kauri.

Lissafin nauyin ba shi da wuya: a raba wat da bolt, abin da ya fito shi ne amfiya, wato yawan wutar da za ta bi waya. Fitilun hazona masu wat 55 ne kowace, jimla 110, idan aka raba da bolt 12 na batirin mota za a samu amfiya 9 da 'yan kai. Doguwar an rubuta mata wat 120, wato amfiya 10, ko da yake rubutun kwalin irin waɗannan fitilu yakan fi abin da suke sha na gaskiya, shi ya sa dattijon ya auna da mita kafin ya yarda. Kowane layi ya ba shi fiyus mai lamba 15, wato amfiya 15, ya ja wa doguwar fitilar waya mai kaurin milimita murabba'i 2.5, ya kuma dasa fiyus ɗinta kusa da kan batir, bai fi taƙi ɗaya ba, domin duk tsawon wayar da ke tsakanin batir da fiyus ba ta da mai kare ta idan ta goge ta taɓa bodi.

Fitilun hazon ma ashe kusan babu aiki a kansu. Da ya buɗe akwatin fiyus na cikin bonet sai ga gurbin rile da na fiyus an rubuta musu suna amma babu komai a ciki, da ya kwanta a ƙarƙashin bamba kuma ya zaro soket biyu da aka naɗe aka ɗaure tun daga kamfani, ƙura ta rufe su. Kamfanoni sukan shimfiɗa waya iri ɗaya wa mai tsada da mai araha, sai dai ba kowace mota ake dacewa haka ba, don haka ya gwada da fitilar gwaji kafin ya sayo komai. Ya cusa rile, ya cusa fiyus, na murza zoben nan da ya shekara yana zaman banza, fitilu suka kama, har da ɗan koren haske a allon mita.

Doguwar ce ta nuna mini bambancin gwani da ɗan koyo. A yawancin motoci makunni wuta yake bayarwa, amma a tsofaffin Toyota da dama wutar tana zaune a kan ƙwan, makunnin kuma bodi yake bayarwa, wato shi yake haɗa layin da ƙarfen jikin mota domin wutar ta samu hanyar komawa batir. Wanda bai san haka ba, idan ya kai 86 wayar dogon haske ya kai 85 jikin mota, sai ya ga fitilarsa tana kamawa a lokacin da ya kamata ta mutu. Dattijon ya haɗa 86 da wayar da take kawo wuta ga ƙwan, ya haɗa 85 da wayar dogon haske, ta yadda naɗin ba zai samu cikakkiyar hanya ba sai an tura sanda zuwa dogo. A kan siririyar wayar nan ya ratsa wani makunni irin na kamfani da muka samo a wurin masu kayan gwanjo, ya zauna daram a ɗaya daga cikin guraben da aka toshe, domin in iya kashe doguwar gaba ɗaya idan ina cikin gari.

Ya gargaɗe ni cewa kada in ɗauki wannan dabara in kai ta kan motar uwargida, wadda sabuwar ƙira ce. A irin waɗannan, sandar fitila da kwamfutar mota take magana, wutar da take zuwa ƙwan ma wani lokaci a yanke-yanke take zuwa, tana iya sa rile ya riƙa karkarwa, kuma feren waya ba bisa sani ba yana iya tayar da fitilar gargaɗi ko ya lalata abin da ya fi fitilun tsada sau da yawa.

Abin da ya sa na nace wa makunnin kamfani ya wuce son tsabtar dashbod. Doguwar fitila tana makantar da mai zuwa, kuma direban da sai ya laluba wani makunni a wajen gwiwarsa kafin ya kashe ta ba zai kashe ta a kan lokaci ba, idan ma ya kashe. A tsarin da aka yi mini, yatsan da yake dawo da haske gajere shi ne yake kashe ta, ba tare da na yi tunani na biyu ba.

Mun jira magariba ta yi, muka fuskantar da motar ga katangar garejin, ya sassauta kusoshin fitilun hazon ya dunƙufar da su har haskensu ya kwanta ƙasa da gwiwa, domin a can ne suke ratsa hazo maimakon su tayar da shi a ido. Ya liƙe kowane haɗi da dalma, ya zura wayoyin a cikin bututun roba, ya nesanta su da zafin inji. Da zan tafi ya miƙo mini fiyus mai lamba 30 ɗin nan da guntuwar wayar da ta narke a cikin leda, suna nan a aljihun ƙofar direba har yau, tare da fiyus biyu masu lamba 15 na ko-ta-kwana.