Kafin ka sallami tsohuwar kwamfutarka

Ƙannena, masu shirin sauya kwamfuta sun yi yawa tun da Microsoft ta daina tallafa wa Windows 10 a ranar 14 ga Oktoba, 2025. Ni na sha tawa wahalar tun farkon 2020, lokacin da aka yi wa Windows 7 irin wannan sallama, kuma har gobe ina jin zafin abin da na rasa.

Sana'ata buga takardu ce. Ɗalibai na kawo mini kundin bincike, marubuta na kawo littattafai, masu biki na kawo katin gayyata. Shekara tara tsohuwar laftof ɗina ta yi tana ɗauke da wannan amana. Da na sayi sabuwa kuɗi bai cika ba, sai na yi ciniki da wani cewa zai karɓi tsohuwar da yamma. Wuni ɗaya tak na ba kaina don kwashe aikin shekara tara. A nan na fara ɓata, sauran duk rassa ne.

Na shiga kasuwa na sayi filash mai araha, an rubuta 64GB a jikinsa. Na zuba fayiloli, na ga sunayensu sun jeru reras, hankalina ya kwanta. Ban buɗe ko ɗaya ba. Ashe jabu ne, ainihin cikinsa bai kai rubu'in abin da aka rubuta ba. Irinsa yana karɓar duk abin da ka ba shi, ya nuna maka suna da girma, alhali abin da ya wuce ƙarfinsa ya lalace. Abin da ya fi muni, maimakon in kwafa, sai na yanke, wato na kwashe daga tsohuwar gaba ɗaya. Da daddare na danna kundin wata ɗaliba, babi biyar, sai Word ya ce ba zai iya buɗe shi ba. Na danna na gaba, haka. Araha ba ta ado, na gane a daren nan. Washegari na tsaya gabanta ina ba ta haƙuri, ita kuwa tana riƙe da jakarta ba ta ce uffan ba. Mako biyu muka yi muna sake bugawa daga rubutun hannunta, wanda Allah ya sa ba ta jefar ba.

Don Allah ku kwafa, kada ku yanke. Ku ajiye a wuri biyu, ɗaya a faifan ajiya na waje, mafi muhimmanci kuma a intanet. Google Drive na ba da 15GB kyauta, ya ishi takardu. Bayan kun kwafa, ku buɗe fayiloli daga farko da tsakiya da ƙarshe, ku gwada jimillar girman folda a ɓangarorin biyu. In kuma bidiyon da ya haura 4GB ya ƙi shiga filash, tsarin ajiyar filash ɗin ne, wato FAT32, ya hana, a mayar da shi tsarin exFAT kafin a zuba komai.

Manhajoji ma na ɗauka kamar hotuna suke. Na kwafi foldar Program Files sukutum na zuba a sabuwa, yawancinsu suka ƙi motsi. Manhaja idan ana girka ta, tana baza saiwoyi a rajistar Windows da wasu wurare, don haka sai an sake girka ta daga tushe. Nan kuma aka tambaye ni lambar lasisi, ni kuwa ban taɓa rubuta ta a ko'ina ba. Kafin ku taɓa komai, ku ɗauki biro ku rubuta sunan kowace manhaja da lambarta, da asusun da kuka yi rajista da shi. Kalmomin sirri da burauza ta haddace muku, ku tabbatar kun shiga asusunku na burauzar sun bi ku, ko ku fitar da su. Akwai kuma ɓoyayyiyar folda mai suna AppData, inda manhajoji da yawa ke ajiye saituna, wasu har da wasiƙun imel. Ido ba ya ganinta sai an ce wa Windows ta nuna ɓoyayyun fayiloli, ni ban ma san da ita ba.

Wanda ya fi shafar mu masu rubutun Hausa shi ne haruffa masu lanƙwasa. Tsofaffin ayyukana da yawa da salon rubutun (font) Rabi'at na buga su, wanda Farfesa Abdalla Uba Adamu ya samar, ya kuma cece mu a zamanin da madannai ba su san ƙ da ɗ da ɓ ba. Da na buɗe waɗanda suka tsira a sabuwar kwamfuta, sai na ga "ƙasa" ta koma "}asa", "ɗaya" ta koma "]aya". Na ɗauka su ma sun lalace, gabana ya faɗi. Lafiyarsu ƙalau, salon rubutun ne na bari a foldar Fonts ta tsohuwar. Sai da wani abokin sana'a ya ba ni nasa. Ku kwafi wannan foldar, sannan sannu a hankali ku mayar da tsofaffin rubuce-rubucenku zuwa haruffan Unicode, waɗanda kowace waya ke karantawa.

Ranar da za ku sayar kuma, gogewa kawai ba ta isa ba, ana iya dawo da abin da aka goge. A cikin saitin Windows akwai zaɓin mayar da na'ura sabuwa fil tare da share faifan baki ɗaya. Ni na miƙa tawa da hotunan katin shaidar mutane a ciki, sai da na bi mutumin har shagonsa muka share tare.

Da na sake sauya kwamfuta bara, wata guda cur na bar tsohuwar a kan tebur kusa da sabuwa. Sau uku ina komawa gare ta, na ƙarshe don wani tsarin katin ɗaurin aure da na manta a cikin Downloads, ga mai shi zaune a benci yana jira.