Matashi mai lafiya, me zai kai shi asusun lafiya?

A Tawa samari da yawa na ganin zubin asusun lafiya, wanda ake kira mituwel, asarar kuɗi ne tunda ba su ciwo. Amma tsarin jinya kyauta da Nijar ta kawo a 2006 na yara 'yan ƙasa da shekara 5 ne da wasu buƙatun lafiyar mata, saurayi ɗan shekara 25 ba ya ciki. Ɗan kabu-kabu da ya karye a ƙafa, hoto da ɗauri da magani duk daga aljihunsa za su fito, ga babur a jingine wata biyu ba ya kawo ko dala.

Ga yadda asusun ke aiki. Misali, mutum 200 kowa na zuba dala 100 a wata, an tara jaka 100 ke nan. Kuɗin na isa ne don ba kowa ke kwanciya lokaci guda ba. Idan masu lafiya suka ƙi shiga, sai masu hawan jini da ciwon suga su rage, kuɗin fita ya fi na shiga, a ƙara zubi, wasu su janye, asusun ya mutu. Wannan ne ya fi damuna.

Kafin ka sa hannu, tambayi wata nawa za ka jira kafin a fara biya maka, kashi nawa ne naka a kowace takardar magani, kuma wace likita suka yi yarjejeniya da ita. Ka shiga tun rani, kada zazzaɓin damina ya same ka cikin watannin jira.